Daga Hwata Zuwa Leda: Sunayen Fata da Masu Raɗa Su

Akuyar da aka yanka a Talatar Mafara da safiyar ranar kasuwa sunanta ɗaya, amma fatarta sai ta amsa sunaye da yawa kafin ta tsufa. Mahaucin da ya feɗe ta zai ce hwata, yadda bakin Zamfara da Sakkwato yake faɗa. Mai sayen fatu zai ce ɗanya. In ya barbaɗa mata gishiri ta koma mai gishiri, in ya ɗaga ta ya duba bai ga yankan wuƙa ba ya ce lamba ɗaya. Daga nan hanya ta rabu biyu. In majema ta nufa, za ta fito jemammiya, ta zama fara, ko ja, ko baƙa, ta ƙare a gafaka ko kube. In kuwa motar Kano ta hau, sunayen da za ta tarar a gaba babu na Hausa ko ɗaya, kuma kafin ta zama takalmi a Italiya an shafe duk wata alamar da za ta nuna daga ina ta fito.

Wa ke raɗa waɗannan sunaye, kuma me yake dubawa kafin ya raɗa? Wanda ya bi su ɗaya bayan ɗaya zai ga Bahaushe abu huɗu yake kallo: dabbar da ta ba da fatar, inda aiki ya kai a kanta, abin da aka rina ta da shi, da abin da za a yi da ita. Kasuwar duniya kuwa abu biyu ta sani, tashar da fatar ta fito da yadda fuskarta take.

Dabba ce ta fara ba da suna

Rabon farko tsakanin fata ne da ƙirgi. Ta akuya da ta tunkiya fata ce, na sa da saniya ƙirgi ne, a wasu wurare a ce kilago. Shi ya sa tun zamanin En'e sashen da ke kula da wannan ciniki ake ce masa na fatu da ƙiraga. Ba a raba su don ado ba. Ƙirgi kauri gare shi da nauyi, jimarsa tana cin lokaci da bagaruwa, kuma aikin da yake yi daban: tafin takalmi, taiki, igiyar ɗaurin kaya. Fata kuwa siririya ce, tana lanƙwasuwa, tana karɓar rini da allura.

A cikin fatun ma akwai babba da yaro. Ta tunkiya, tumkiya a bakin mutanen Bakura da Maradun, ta fi laushi da faɗi, amma ba ta kai ta akuya ƙarfi ba, tana saurin miƙewa. Duk da haka tumakinmu, irin su uda da balami da 'yar ƙasa, gashi ne a jikinsu ba ulu ba, don haka fatarsu ta fi ta tumakin Turai masu ulu ƙwari, masu ɗinka safar hannu a ƙetare kuma suna nemanta. Ta akuya ita ce sarauniya, musamman ta jar akwiya, wadda littattafan kiwo suka sani da sunan jar akuyar Sakkwato, a Nijar kuma jar akuyar Maraɗi. Ƙofofin gashinta ƙanana ne, sun matsu, saƙar naman fatar kuma ta haɗu sosai, sai a fere ta ta yi siriri ba ta yage ba. Sunan Sakkwato da ke kanta ya haɗa har da Mafara da Bakura da Maradun, domin kafin a ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996 duk ƙasar nan cikin Lardin Sakkwato take, daga baya Jihar Sakkwato. Yawancin garken awakin da ake korowa kasuwar Talata daga ƙauyuka irin wannan jar akuyar ce ko jininta.

Wani lokaci sunan dabbar kan bi abin da aka yi da fatarta har ya zauna masa. Dorina dabbar ruwa ce, amma yaron da bai taɓa ganin kogi ba ya san dorinar da ke rataye a hannun dogari. Walwaji dabbar hamada ce mai dogayen ƙahoni, ita ce kuma babbar garkuwar da mayaƙan da suke yi da fatarta. Dabbar ta ɓace daga dazuzzuka, sunan ya saura a bakin makaɗan fada.

Akwai kuma rabon da shari'a ta yi: fatar yanka da fatar mushe. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda almajiran ilimi suke karantawa a zaurukan ƙasar nan, ta yarda a yi amfani da fatar mushe in an jeme ta, amma ta hana a yi salla a kanta ko a sayar da ita. Saboda haka tambayar ko an yanka dabbar tambaya ce ta ciniki, ba ta tsafta kaɗai ba. Haka fatar layya take da hukuncinta: mai layya ba ya sayar da ita, sai dai ya yi amfani da ita ko ya bayar. Daga nan aka sami al'adar tara fatun layya da ƙungiyoyin addini, musamman Izala, suke yi duk Babbar Salla, har ya zama lokacin da kasuwar fata take cika fiye da kowane lokaci a shekara.

Sunan da aiki yake bayarwa

Ɗanyar fata ba ta jira. In ta kwana biyu cikin zafi ba gishiri ba shanya, gashi zai fara zuba, ta ɗauki hanyar ruɓa. Shanya ma iri biyu ce, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba. Wadda aka baje a ƙasa aka kafe da turaku cikin rana, samanta kan bushe ya bar cikinta da danshi, sai an kai ta majema aibin ya fito. Wadda aka ɗaure a katako aka rataye a inuwa, iska na ratsa ta gaba da baya, ita ce mai daraja. Ma'aikatan fatu da ƙiraga na zamanin Turawa sun sha fama da mahauta a kan wannan, da kuma a kan wuƙar fiɗa mai tsini. Lambobin da masu saye suke bayarwa, ɗaya, biyu, uku, daga irin waɗannan aibobi suke fitowa: huda, yanka, tabon ƙazuwa, cizon kaska, zanen ƙaya, da tambarin wuta da makiyayi ya yi wa dabbarsa.

Ba kowace fata ke zuwa majema ba. Ƙirgin da aka babbake aka kankare ya zama ganda ko langaɓu, tukunya ce makomarsa, kuma a yau kasuwar cinsa a kudancin ƙasar nan tana janye ƙiraga masu yawa daga hannun majema. Ɗanyar fata ita ake ɗaura wa ganga. Tandu kuwa, na mai ko na kwalli, abin mamaki ne: ana gina siffarsa da yumɓu, a liƙa masa jiƙaƙƙun ferayen ɗanyen ƙirgi falle bisa falle, in ya bushe a farfashe yumɓun a zazzage. Ba jima, ba ɗinki. Buzu kuma fatar rago ce da aka gyara aka bar mata gashinta, malami ya shimfiɗa ya yi salla ya ba da karatu. Ana kuma ce wa irin wannan shimfiɗa agalemi, kalmar da ta shigo daga harshen Abzinawa, inda tushenta yake nufin fata.

Jima ita ce babbar iyaka. Daga aikatau ɗaya, jeme, Hausa ta fitar da iyali guda: aikin jima, mai yin sa majemi, jam'insa majema, wurin aikin ma majema, fatar da ta sha aikin jemammiya. A Kano akwai majemar Ƙofar Wambai, a Sakkwato ma sunan yana kan unguwa. Majemi yakan fara da jiƙa fatar ta dawo da laushinta. Sai ya tsoma ta a ruwan toka, ko na farar ƙasa, har gashi ya saki. Ya ɗora ta a gungume ya karce da kartaji, ƙarfe mai mariƙi biyu, ya kwashe gashi ta baya, ya kwashe sauran nama da kitse ta ciki. Fatar da ta fito daga toka a kumbure take, in aka jeme ta haka za ta yi tauri. Don haka sai a sa ta a ruwan kashin kaji ko na tattabaru, ko na wata ciyawa mai yaɗo da farin ƙaro da ake kira fataka, har ta saɓe ta yi santsi. Warin majema da ya sa ake kai ta bayan gari ko gefen ganuwa, yawancinsa daga nan yake.

Sannan bagaruwa, wadda wasu ke cewa gabaruwa. 'Ya'yanta ake dakawa a jiƙa, a tsoma fatar a ruwan, ana juyawa ana matsewa ana sabunta ruwa, har ya ratsa ta. Majemi yakan yanki gefe ya duba, in tsakiya ba ta sauya launi ba, da sauran aiki. Abin da ke cikin bagaruwa, wannan ɗacin mai ɗaure baki, shi ne yake kama zaren fatar ya hana ta ruɓa ko da ta jiƙa. Itaciya ce mai son ƙasar laka da ruwa ke kwanciya, shi ya sa take da yawa a fadamun Gulbin Sakkwato, wanda ya ratsa ƙasar Maradun da Mafara da Bakura, wanda kuma aka tare da madatsar Bakolori a 1978. Akuya, bagaruwa da ruwa, duk a wuri ɗaya Allah ya haɗa wa mutanen nan. Bayan jima a wanke, a shafa man gyaɗa, a buga, a murza, a ja, a shanya a inuwa. Abin da ya fito, mai launin ƙasa-ƙasa mai haske, shi ake kira farar fata.

A nan aikin majemi yake tsayawa, na baduku ya fara. Sana'o'i biyu ne, ko da gida ɗaya ya haɗa su. Dukawa su ne masu yanka da ɗinki da basilla, kuma yawancin rinin ado a hannunsu yake. A Sakkwato unguwar Maɗunka ta yi suna da wannan aiki, a Kano kuma unguwar Dukawa da rumfunan Kasuwar Kurmi.

Launi da abin da ya haife shi

A kan titi, in aka ce jar fata Bature ake nufi, baƙar fata kuma mu. A rumfar baduku kuwa kaya ne masu farashi, kowanne da hanyar yin sa.

Ja daga karan dafi yake. Wata irin dawa ce da ba don hatsinta ake shuka ta ba, sai don kuben ganyenta da ke rungume da kara, wanda yake rinewa ja wur. A daka shi, a jiƙa da ruwan toka ko kanwa, a shafe fatar da shi, a bi da lemun tsami don launin ya washe. Wannan jan, mai zurfi kamar an haɗa shi da ƙasa, shi ne ya kai fatar ƙasar Hausa bayan hamada. Baƙi kuwa sunansa kuloko. Ana jiƙa kashin maƙera ko tsatsar ƙarfe da wani abu mai zaƙi ko mai tsami, a bar shi ya kwana biyu. Ruwan da kansa ba baƙi ba ne sosai, sai ya taɓa jemammiyar fata ƙarfen ya gamu da bagaruwar da ke cikinta, nan take wurin ya yi baƙi ƙirin. Shi ya sa baduku yake iya zane da shi kamar mai rubutu da tawada, shi ya sa kuma ba ya kama fatar da ba a jeme da ɗacin itace irin na bagaruwa ba. Ruwan ɗorawa daga gangamau ake samun sa, ko daga saiwar rawaya, tsiron da ya ba launin kansa suna.

Mafi tsada shi ne korino, koriyar fata mai haske. Da garin tagulla ko jan ƙarfe ake yin ta, a haɗa da sinadari, a shafa a bar tsatsar ƙarfen ta yi kore a jikin fatar. Aiki ne na 'yan gidaje kaɗan, Kano ta fi shahara da shi, kuma ba a yin jaka sukutum da ita. Yanka ta ake yi ƙanana-ƙanana a yi ado, ko a sa ta a ƙarƙashin jar fatar da aka huhhuda, koren yana leƙowa. Matan Abzinawa masu aikin fata a Agadas da kewaye sun daɗe suna sayen ta don jakunkuna da kayan raƙumi.

Bayan rini akwai gyaran fuska. Ana goge fata da dutse mai santsi ko gindin kwalba har ta yi sheƙi. Ana buga mata ƙarfe mai zane. Ana kuma tsaga samanta da bakin wuƙa a ɓare fallen da ya sha rini, farin ciki ya fito ya zama zane, irin wanda ake gani a jikin tumtum da kuben takobi. Sai geza da tuntu da saƙar siraran tsinkayen fata. Yau garin rini na kanti ya shiga ko'ina saboda araha da sauri, har yaro ya tsaya gaban tsohon baduku ya ce, “Baba, hwatag ga nawa ta?” bai san akwai bambanci tsakanin jan karan dafi da jan gwangwani ba. Shekara kaɗan a rana take nuna masa: ɗaya ya ƙara duhu da kyau, ɗaya ya koɗe.

Rukuni na huɗu na sunayen, wato na amfani, shi ya fi yawa, kuma shi ya fi saurin ɓacewa. Salka ta ruwa, wadda ake feɗe akuyar ba a tsaga cikinta ba. Guga na rijiya. Taiki na hatsi a bayan jaki. Burgami da zabira na matafiyi da wanzami. Tadarishi, bangon da ke riƙe warƙoƙin Alƙur'ani, da gafakar da ake zura shi a ciki. Walki na maƙeri da mafarauci da ɗan dambe. Laya, kambu, guru. Kayan doki ma suna nan, har sunayensu na faɗin hanyar da suka biyo, domin sirdi da linzami daga Larabci suke. Jarka ta kori salka, robar taya ta gaje guga, buhu ya maye taiki. Karin maganar rijiya ta bayar guga ya hana tana nan daram, amma masu faɗin ta da yawa ba su taɓa riƙe gugan fata ba.

Yadda Maroko ta ci suna

Heinrich Barth, Bajamushen da ya yi yawo a ƙasar nan da sunan Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, ya rubuta cewa takalma da jemammun ƙiraga da jajayen fatu suna cikin manyan kayan da birnin yake fitarwa, har zuwa Tarabulus. A 1853 ya ratsa ƙasar Zamfara a hanyarsa daga Katsina zuwa Wurno da Sakkwato. Ayarin raƙuma yakan bi ta Agadas da Gat da Gadamas, kaya su isa gaɓar Bahar Rum, daga can jiragen ruwa su kai su Turai. Mai saye a Landan ko Faris bai san Mafara ba, bai san Kano ba. Abin da ya sani shi ne jar fatar akuya daga arewacin Afirka take zuwa, kuma tun da daɗewa sunan irinta a wurinsa fatar Maroko.

A nan akwai gyara ga yadda ake yawan ba da labarin. Ba dukan fatar Maroko ce tamu ba. Fas da Marrakesh da Tafilalt suna da majemarsu tun ƙarnoni, suna jima da nasu itatuwa, kuma su suka fara sa sunan ya shahara. Abin da ya faru shi ne sunan ya tashi daga na ƙasa ya koma na iri, sai tamu ta shiga ƙarƙashinsa, ko da mafi yawanta ta Tarabulus ta fita, ba ta taka Maroko ba. Haka kasuwar fata take yi ko'ina. Ƙurɗuba ta Andalus ta ba wata fata sunanta, Gadamas ma ta ba fatar ado mai zanen zinariya suna a harshen Sifaniyanci. Wanda kaya suka fito daga hannunsa a ƙarshe, da sunansa ake kiran su.

Da hanya ta juya daga hamada zuwa teku, suna ma ya juya. A 1901 wani kwamiti a Landan ya binciki dalilin da ya sa bangon littattafan ɗakunan karatu yake ruɓewa ya koma jan gari, ya ɗora laifin a kan irin jimar zamani da ruwan asid da ake sawa. A shekarar ce Douglas Cockerell, gwanin ɗaurin littattafai, ya fitar da littafinsa a kan sana'ar, ya ce fatar da ta fi yi masa amfani ita ce ta akuyar da kamfanin Royal Niger yake kawowa daga Afirka. Tun daga nan masu wannan sana'a suke ce mata fatar Neja, da sunan kogi da kamfani. Aikin majemin ƙauye ne, na bagaruwa da karan dafi, ya tsallake gwajin da na masana'antun Ingila ya faɗi, amma sunan da aka ba shi na mai jirgin dako ne. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, reshensa ya bi ta Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, kantunan Turawa suka buɗe a Gusau suna sayen gyaɗa da auduga da fatu. Sannu a hankali suka fi son busasshiyar da ba a jeme ba, don su jeme da kansu yadda suke so.

Sunayen masana'anta

A 1884 wani mutum a Amurka, Augustus Schultz, ya yi rajistar hanyar jima da gishirin kurom. Abin da bagaruwa take yi a kwanaki, kurom yana yi a yini guda, fatar kuma ta fi jure zafi da ruwa. Yau fiye da kashi uku cikin huɗu na fatar duniya da shi ake jeme ta. Fatar da ta fito daga gangar kurom shuɗi-shuɗi take, da danshinta, ma'aikatan Challawa da Sharaɗa da Bompai a Kano suna ce mata wet-bulu. In aka sake jeme ta aka sa mai aka busar, ba a yi mata gyaran ƙarshe ba, sai su ce kuras. Ita ce takwarar farar fatar majemi. Daga nan ne mafi yawan fatun da aka tara daga kasuwannin Zamfara suke barin ƙasar, su nufi Italiya da Sifen da Indiya da Sin.

Sauran sunayen a can ake raɗa su, kuma duk a kan fuska suke. Akwai mai cikakkiyar fuska, wadda ba a taɓa gefen gashinta ba, ƙofofin gashi da tabo duk suna nan, ita ce mafi ƙarfi da tsada. Akwai mai gyararriyar fuska, wadda aka goge aibinta da samfefa, aka shafe da fenti, aka danna mata zanen ƙarya da inji. Ƙirgi mai kauri ana tsaga shi falle biyu, na sama ya tafi da fuskar, na ƙasa a tayar masa da gashi-gashi ya zama suwed, sunan da ya samo asali daga yadda Faransawa suke kiran safar hannun ƙasar Suwidin. In gefen gashi aka goga sama-sama har ya yi laushin karan-miski, nubak ke nan. Napa, mai laushin nan ta kujerun mota da riguna, sunan wani gari ne a Kalifoniya inda aka fara yin ta a 1875. Anilin ita ce wadda rini ya ratsa ba a rufe fuskarta da komai ba, wato dai abin da baduku yake yi da karan dafi. Sai mai ƙyallin madubi da aka dalaye da roba. A can ƙasa kuma akwai wadda aka niƙa ragowar yanke-yanke aka cuɗa da gam aka matse, ana sayar da ita da sunan fata.

Mu kuwa me muka karɓa daga duk wannan? Kalma ɗaya, leda. Asalinta kalmar Ingilishi ce mai nufin jemammiyar fata. Ta shigo mana a jikin kayan kwaikwayo, shimfiɗar ɗaki da rufin kujera masu kama da fata, daga nan ta gangara har ta tsaya a kan jakar da ake ƙulla ƙosai da ruwan sanyi. Mai takalma a kasuwa yakan rantse cewa nasa fata ne ba leda ba, ba tare da ya san a harshen masu kalmar abu ɗaya ya faɗa sau biyu ba. In kuma yana son ya tsawwala kuɗi sai ya ce ɗan Italiya ne, alhali ba mamaki akuyar a Maradun ta yi kiwo.

Abin da sunayen suka nuna

In aka jera kalmomin nan, za a ga inda Hausa take da wadata da inda ta yi shiru. Daga mahauta zuwa majema zuwa rumfar baduku, kowane mataki da sunansa, kowane launi da tsironsa. Daga gangar kurom zuwa gaba, sai aro. Harshe bai gaza ba, hannu ne ya daina kaiwa wurin. Mai gama aiki shi ke raɗa suna, kuma a wajen gamawar riba take. Fatar da aka saya da kuɗin kwanon hatsi kaɗan a kasuwar Talata, jakar da aka yanka daga jikinta tana iya fin kuɗin garken da akuyar ta fito.

Rashin tsaro ya ƙara tsananta abin. Satar shanu ta watsa garkuna, kuma a 2021 gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako-mako ta hana safarar dabbobi na wani lokaci. Duk ranar da ba a yi yanka ba, majemi da baduku ma ba su da aiki, yaron da zai gaje su kuma ya kama acaba ko haƙar zinariya. Da shi kartaji da kuloko da korino suke tafiya.

Maƙwabtanmu sun nuna akwai abin yi. Nijar ta kafa cibiyar kiwon jar akuya a Maraɗi tun shekarun 1960 don kada irin ya gauraye ya ɓace, a baya-bayan nan kuma ta yi wa fatar jar akuyar Maraɗi rajista a hukumar kare haƙƙin mallaka ta OAPI, tare da kilishi da cuku da albasar Galmi, don kada wani ya sayar da nasa da sunansu. A wannan gefen iyaka akwai cibiyar binciken fata ta NILEST a Samarun Zariya, akwai kwalejin noma da kiwo a Bakura, akwai kwalejin kimiyya da fasaha ta Abdu Gusau a Talatar Mafara. Aiki biyu ke jiran su. Na farko, a zauna da tsofaffin majema da dukawa a rubuta kalmominsu tare da yadda ake yin kowane abu, awo da kwanaki, tun masu sani suna raye. Na biyu, a kafa ma'auni: wace akuya, wace shanya, wace jima, wane rini ne ya cancanci a kira shi jar fatar Sakkwato, a buga masa hatimi. Masu ɗaurin littattafai a Turai da Amurka har yau suna neman fatar bagaruwa suna biyan ta da tsada, kuma a ƙasar da bagaruwa da karan dafi suke tsirowa ne kaɗai za a iya gama ta daga fiɗa har rini ba tare da an sayo komai daga waje ba.